Sawun Kaza a Ƙofar Fada

An ce wani sarki aka yi a wata ƙasa mai yalwar gero da kaba, wanda Allah ya hore wa dukiya da dakaru da kwarjini. Mutumin kirki ne, kada in ɗauki alhakinsa: ba ya cin dukiyar maraya, ba ya kwana da fushi. Sai dai yana da wata cuta wadda masu magani ba su san saiwarta ba, ita ce son a ce shi ya fara. In an kawo masa sabuwar miya, sai ya ce ai ya taɓa tunaninta. In makaɗa sun zo da sabon take, sai ya ce da ma yana jinsa cikin kansa tun bara. Fadawa kuwa, ka san halinsu, kafin ya rufe baki sun ce gaskiya ne.

Ran nan sarki ya tashi daga ƙailula a firgice, ya ce maza a ba shi gawayi. Aka kawo. Ya nufi bangon zaure ya zana da'ira, ya sa ɗigo a tsakiyarta, ya kewaye ɗigon da waɗansu 'yan zane masu tsinke uku-uku, sa'an nan a bakin da'irar ya bar wani ɗan giɓi mai karkata. Ya ja da baya ya duba, hawaye suka cika masa ido don jin daɗi.

Ya ce, "Ku duba abin da aka nuna mini cikin barci, wanda ido bai taɓa gani ba! Ɗigon nan sarki ne. Waɗannan masu ne na dakaru suna tsaronsa. Da'irar ganuwa ce. Giɓin nan kuwa ƙofar gari ce, wadda ba a rufe wa baƙo."

Fada ta ɗauki kabbara. Waziri kaɗai, wani tsoho da ya yi wa uban sarkin hidima, shi ne ya dubi bangon, ya buɗe baki, ya sake dubawa, ya mayar da bakinsa ya rufe. Da sarki ya juyo gare shi, sai ya ce, "Allah ya ba ka nasara, lalle wannan zane ba ya fita a ran wanda ya taɓa ganinsa." Sarki ya ɗauka yabo ne.

Aka kira magina suka fitar da zanen a saman ƙofar fada, ƙato, aka shafe shi da farar ƙasa da shuni. Aka yi shela cewa wannan tambarin sarki ne, duk wanda aka gan shi da irinsa a riga ko hula ko ƙwarya ko bango, ya saci hikimar sarki, za a ƙone kayansa a fitar da shi daga gari, ba zai sake shigowa ba.

To, a bakin ƙofar gabas akwai wani tsoho ana ce masa Malam Anaruwa, mai zama gindin wata tsamiya. Mutane kan kawo masa rikicinsu, shi kuwa ba ya ba da amsa, sai dai ya yi ta jefa maka tambaya har amsar ta faɗo daga bakinka da kanta. Ga shi da tsokana. Ko jana'iza ya je, sai an sami wanda ya toshe baki da hannun riga. Matarsa Gwamma saƙar faifai take yi tun tana amarya, tsohuwa ce mai kaifin baki da taurin kai, kuma ita kaɗai ce a garin nan Malam yake shakka.

Ran kasuwa Gwamma ta shimfiɗa faya-fayanta kamar yadda ta saba. Dogarai suka zo wucewa, babbansu ya tsaya cak. Kowane faifai da'ira ne, da ɗigo ja a tsakiya, da 'yan tsinke uku-uku suna kewaya shi, da ɗan giɓi a baki. Kai, ko magina ba su fitar da shi haka ba! Nan take aka kwashe kayan, aka tasa ƙeyar tsohuwa zuwa gidan Sarkin Dogarai, aka ajiye ta wajen matansa, aka ce gobe sarki zai yanke hukunci.

Labari ya iske Malam yana jiran tuwo. Ya ɗauki sandarsa ya tafi da sauri, don a garin nan aka kawo Gwamma amarya, a nan ta haihu, a maƙabartar ƙofar gabas 'ya'yanta biyu suke kwance. In an fitar da ita, ya sani ba za ta ga damina ba. Shi kuwa ko inda take ajiye gishiri bai sani ba.

Ya same ta zaune a tsakar gida tana koya wa amaryar Sarkin Dogarai kama bakin faifai. Ya ce, "Sannu, ɓarauniyar hikima. Ashe shekara da shekaru da mai laifi nake kwana?"

Ta ce, "Malam, in wasa ka zo yi, koma gindin tsamiyarka."

Ya zauna kusa da ita ya rage murya. "Gwamma, abin ai mai sauƙi ne. Gobe ki buɗe baki ki gaya wa sarki cewa a gidanmu aka yaye shi. Ki ce lokacin da ya gagari matan fada da kuka da cizo, ke aka kawo wa shi, a bayanki ya daina neman nono. Shi ke nan, mu dawo gida ki tuƙa mini tuwo."

Ta harare shi. "Allah ya sawwaƙe! Ɗan da na goya, na wanke masa kashi, shi zan tsaya gaban jama'a in kware wa baya? Yanzu uban ƙasa ne. Da in sa a yi masa dariya, gara in mutu a daji."

"To ni in faɗa."

"In ka faɗa ban yafe ba. Rantse mini."

Malam ya yi juyin duniya, ta ƙi. Ya ce mata gwiwoyinsa ba za su kai ko rafin farko ba, ta ce ya zauna ya auri wadda za ta iya da shi. Da ya ga ba sarki sai Allah, ya ce, "Na rantse, bakina ba zai faɗa ba." Ya tashi ya tafi ransa a ɓace, amma kafin ya kai tsamiya har ya fara murmushi, don ya tuna bakinsa kaɗai ya sa a rantsuwar.

Kashegari fada ta cika. Rana ta take, zafi kamar a bakin murhu. Aka kawo Gwamma, aka zube faya-fayanta gaban sarki. Sarki ya ɗauki ɗaya ya duba, fuskarsa ta murtuke.

Ya ce, "Ke tsohuwa, ina kika sami wannan?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ranka ya daɗe, a hannuna na same shi."

"Kin ji shela?"

"Na ji."

"Kina da abin cewa?"

"Babu."

Sarki ya ɗaga hannu zai yanke, sai Malam Anaruwa ya dogara sanda ya matso, ya faɗi ya yi gaisuwa. Ya ce, "Ya sarki, ni ne mijin wannan mai laifi, kuma ban zo roƙo ba. Na daɗe ina neman wanda zai raba ni da bakinta. Sai dai tunda tafiya ta kama mu, ina so in tafi da ilmi. Ko sarki zai yarda jahili ya yi tambaya a kan tambarinsa?"

Babu abin da sarki yake so kamar a tambaye shi tambarin nan. Ya gyara zama ya ce, "Tambayi."

"Ya sarki, da ido ake ganin abu, ko da abin da ke bayan ido?"

"Da ido mana."

"To ashe duk mai ido biyu abu ɗaya zai gani a ƙofar fada. Ina roƙon sarki ya ba bayinsa amana, su faɗi abin da suka fara gani a ƙofar nan kafin a gaya musu ko mene ne."

Sarki ya ce, "Na ba su amana. Kowa ya faɗi gaskiya."

Malam ya juya ga Sarkin Pawa, shugaban mahauta. Sarkin Pawa ya share gumi ya ce, "Allah ya ba ka nasara, masu ne, ba shakka. Amma ranar farko, wallahi tsinken tsire na gani an kafa kewaye da wuta. Har yawuna ya tsinke."

Malam ya dubi Sarkin Noma. Shi kuwa ya ce, "Ni gero na gani ya tsiro bayan ruwan shuka, kunne uku-uku. Har na ce Allah ya kai mu kaka."

Sarkin Aska bai jira an tambaye shi ba. Ya ce, "Tsaga ce, ranka ya daɗe, irin wadda muke yi wa jarirai a kumatu. Har na yaba hannun wanzamin."

Aka fara gunaguni, wannan na taɓa wannan. Sarki ya ji zafi, ya ce, "Kowa abin da ya saba da shi ya gani. Laifin idonsu ne, ba na zanen ba."

Malam ya ce, "Madalla da wannan magana! Sarki ya faɗi abin da ni ban isa in faɗa ba. Mahauci ya ga tsire don da tsire ya tashi. Manomi ya ga gero don cikin gero ya buɗe ido. To ya sarki, wanda ya gani a farke ke nan. Wanda ya gani cikin barci fa, daga ina barcinsa yake ɗebowa?"

"Daga Allah."

"Haka ne, komai daga gare shi yake. Tuwo ma daga Allah yake, amma sai an sami wadda ta tuƙa. Sarki ya taɓa mafarkin wata dabba da ba ta da kan wata, ko ƙafar wata, ko wutsiyar wata da ya sani?"

Sarki ya laluba cikin mafarkansa, bai samo ba. Ya ce, "Wannan dabam ne. Ban taɓa ganinsa ko'ina ba."

"Na yarda. Saura tambaya ɗaya, ya sarki. Ƙofofin garin nan duk a miƙe suke, a tsaye kyam. Don me ƙofar da ke jikin tambari ta karkace, ga ta da 'yan tsaga biyu ƙanana a ciki?"

Sarki ya dubi faifan da ke hannunsa. Gaskiya ne, giɓin a karkace yake, nasa ma haka ya zana shi. Ya ce, "Haka hannuna ya yi."

Malam ya ce, "Ashe hannun sarki ya san abin da bai gaya wa sarki ba."

Sarki ya fusata. "Tsoho, ka ce ba roƙo ka zo ba, kuma ga shi kana jan lokaci. Hukunci ya tabbata."

Malam ya ga tambayoyinsa sun kai sarki bakin rijiya amma bai leƙa ba. Ya dubi Gwamma, ta yi masa kallon da ya sani, mai cewa in ka kuskura. Ya dubi sarki, ya ga gumi na bin rawaninsa, mai fifitarsa kuwa hannu ya gaji. Sai ya sake faɗuwa ya ce, "Ya sarki, mun karɓa. Amma kada ta tafi da laifi a wuyanta. A bar ta ta yi wa sarki hidima da abin da ta yi laifin da shi. Ta yi masa fifita da faifan nan kaɗan, ko Allah ya sa ya yafe mata a zuci."

Sarki ya ce, "Wannan ba komai. Matso, tsohuwa."

Umarnin sarki ne, ba halin ƙi. Gwamma ta matso, ta wuce Malam tana cewa ƙasa-ƙasa, "Za ka gamu da ni." Ta durƙusa gefen karaga, ta karɓi faifan, ta fara fifita.

To, kowace mace da irin fifitarta, kamar yadda kowace take da irin dakanta. Ta Gwamma a hankali take, ta kaɗa, ta kaɗa, ta ɗan tsaya, ta kawo faifan dab da fuska, sa'an nan ta janye. Da haka ta kwantar da 'ya'yan mutane da yawa da aka kawo mata yaye. Hannu ya kama aikinsa, ita kanta ba ta san lokacin da ta fara ɗan gunjin nan na cikin maƙogwaro da ake lallashin yaro da shi ba. Iska mai ƙanshin kaba ta bugi sarki. Kafaɗunsa suka sauka. Idonsa ya fara lumshewa. Jan ɗigon yana zuwa yana komawa, 'yan tsinken suna kewayawa.

Jama'a na kallo, sai hannun sarki ya taso shi kaɗai, ya cafke bakin faifan daidai wurin giɓin, ya ja shi zuwa baki.

Tas! Gwamma ta daka masa duka a bayan hannu. "Kai, Cizau, saki! Ba na hana ka ba?"

Dogarai suka zaburo da kulake. Gwamma ta dubi hannunta, ta dubi sarki, ta dafe kai ta ce, "Wayyo ni, na kashe kaina!" Malam kuwa ya ɗaga hannu biyu sama ya ce, "Jama'a ku shaida, ni ban ce komai ba."

Sarki ya tsayar da dogarai da hannun da aka doka. Ya daɗe yana duban tsohuwar. Can ya ce, "Wannan suna, na san shi. Wannan dukan ma na san shi. Waziri, wace ce wannan?"

Waziri ya sauke ajiyar zuciya irin ta wanda ya daɗe da kaya a ka. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, lokacin yayenka ka gagari fada. Babu baiwar da ba ka bar wa shaidar haƙori ba. Ni na ɗauke ka a kafaɗa na kai ka gidan matar nan, ita ta iya da kai. Da ka dawo aka ba ta zanen ɗaurawa aka sallame ta, aka hana a gaya maka, don kada a ce ɗan sarki ya yi yaye a gidan masu saƙar kaba. Ranar da ka zana tambari na gane shi, tsoro ya hana ni magana."

Sarki ya juya ga Gwamma ya ce, "Inna, don Allah gaya mini. Masun nan, mene ne su?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, a bar maganar."

"Na roƙe ki."

Ta ce, "Sawun kaza ne. Ina amarya na zubar da gari a gindin turmi, kaji suka bi ta kai suna kewaya turmin. Na ga abin ya yi kyau, na sa a faifai. Ɗigon nan turmi ne."

Wani bafade can baya ya kasa riƙewa, ya yi wani irin tari. Sarki ya runtse ido ya ce, "Ƙofar garin fa?"

"Kai ka gatsa. Kullum ina yi maka fifita sai ka kama ka kai baki, har ka cire masa gefe. Na so in yar, sai na lura duk gidan da na aika da abinci, faya-fayaina kan ɓace cikin na maƙwabta, amma mai giɓin nan kullum sai ya dawo, don kowa ya san nawa ne. Tun daga nan kowane na saƙa sai in bar masa giɓi, yadda ka yi shi."

Sarki ya dubi Malam Anaruwa ya ce, "Ya kai tsoho, ashe cikin tambarin nan duka babu abin da yake nawa?"

Malam ya ce, "A'a, ya sarki, kada ka zalunci kanka. Kaji sun ba da sawu, Gwamma ta ba da ido da hannu, kai kuma ka ba da giɓi. Naka ne tsantsa, ba ka koya wajen kowa ba, kuma ka yi shi tun da haƙora biyu. Masu da ganuwa da ƙofar da ba a rufe wa baƙo, su ma kai ka gani, don idon sarki gare ka. Laifin ɗaya ne: ka ci a ƙwaryar mutum, ka tashi ka ce ya sace maka ƙwarya."

Sarki ya fashe da dariya har rawaninsa ya goce, fada duka ta samu hanya ta bi shi. Yana cikin dariyar sai ta juye masa kuka, don ya tuna cewa matar nan da ta yi masa fifita yana yaro, ita ya kusa aikawa daji ta mutu. Ya sauko daga karaga, ya tattara faya-fayan da kansa, ya durƙusa ya ajiye su gaban Gwamma. Ya ce, "Inna, kin zaɓi a kore ki da ki ba ni kunya, ni kuwa na zaɓi in kore ki da in yi tambaya. Ki yafe mini."

Ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Tashi, tashi, mutane na kallo. Na yafe. Amma ka gaya wa maginanka sun juya sawun baya. Kaza ba ta tafiya haka."

Sarki ya sa aka janye shela a ranar. Ya ce kowa ya sa zanen inda ya ga dama, a bar shi kuma a saman ƙofar fada, a gyara sawun, a riƙa kiransa da sunansa na gaskiya. Malam ya tasa matarsa gaba suka nufi gida, tana yi masa faɗa tun daga zaure, shi kuwa yana tambayarta ko akwai sauran kukar miya a tulu.

An ce tun daga ranar, in aka kawo wa sarkin nan ƙara, ba ya yanke hukunci sai ya aika an tambayo tsofaffin unguwa asalin abin. In baƙo ya tsaya a ƙofar fada yana yaba masun da ke sama, sarki da kansa yakan ce masa sawun kaza ne, sa'an nan ya ƙara da cewa, "Mai mulkin da ya manta hannun da ya yi masa fifita, shi zai fara kama wa da laifin sata. Farkon adalci, ka tambayi inda ka samo kafin ka ce naka ne."